Hannun da Sabi'u Ya Miƙa a Liwan

Salamu alaikum jama'a. Ni ba marubuci ba ne, ɗan kasuwa ne, takalma da jakunkunan mata nake sarowa daga Guangzhou ta ƙasar Cana in kai Kano, don haka in kun ga ina kwana-kwana a cikin zancen ku yi haƙuri da ni. Amma abin da zan faɗa muku wallahi tallahi ba a bakin wani na ji ba, ina zaune a wurin aka yi shi, kuma da rana tsaka, ba magariba ba, ba tsakar dare ba, balle wani ya ce idona ne ya yi min gizo.

Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a Xiaobei, unguwar da duk Bahaushen da ya sauka a garin nan ita yake fara nema. Muna da ɗan ofis a benen Tianxiu ni da abokina Sabi'u, mutumin Wudil, shi yana haɗa wa mutane kaya a kwantena ni ina harkar takalmana. To shi Sabi'un nan sai kun san halinsa sannan za ku gane labarin. Mutum ne mai gaisuwa, irin gaisuwar da ke sa ka makara. In ya kama hannunka da dama sai ya ɗora hagu a kai ya rufe, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya koma ya tambayi wani kawunka da kai kanka ka manta kana da shi, duk hannunka na cikin nasa. Daga ƙofar bene zuwa ofis ɗinmu sai ya gaisa da mai gadi, da 'yan Mali, da 'yan Gini, da masu shara. Har 'yan Canan da ba su damu da musabaha ba sun saba, in sun hango shi sai ka ga suna goge hannu a wando suna dariya. Sabi'u Hannu Biyu ake ce masa. Ni wallahi wani lokacin haushi yake ba ni, amma ina ƙaunarsa, don duk zamanmu ban taɓa ganin ya ƙi hannun kowa ba.

Sai ciwon baya ya kama shi, saboda shi ba ya iya tsayawa yana kallo ana loda kaya sai ya sa kafaɗa. Likita ya ce masa maganinsa iyo. Wannan kuwa ba abin wahala ba ne ga wanda ya tashi a bakin kogin Wudil. Matsalar ɗaya ce, duk wurin iyon da ke garin maza da mata ne a cakuɗe, kuma kun san irin kayan da ake sawa. Sau ɗaya ya gwada wani wuri, ya dawo ofis yana istigifari, ya ce min, "Mutumina, yau idona ya kwashi zunubin shekara guda, gara ciwon bayan."

Ana nan cikin watan zafi, irin zafin Guangzhou da za ka yi wanka ka fito ka ji kamar ba ka yi ba, sai ga shi ya shigo da murna wai ya samo wuri. A Liwan ne, tsohon gari, can bayan kasuwannin sari. Ya ce tsohon wurin iyo ne na tun zamanin kakannin 'yan garin, a fili yake ba rufi, ya daɗe a rufe ya lalace, yanzu aka gyara shi aka sake buɗewa. Kuma abin da ya fi yi masa daɗi, ya leƙa har sau biyu a 'yan kwanakin nan bai ga kowa ba. "Ba mata, ba maza, ruwa kawai. Allah ne ya dube ni." Haka ya ce.

A kwanakin nan dama in ka fita da yamma za ka ga tsofaffinsu a gefen titi sun tsuguna suna ƙona takardu a cikin gwangwani, sun jera lemo da turaren tsinke. Muna gani muna wucewa. Mu a tunaninmu wani bikinsu ne, kuma ba sa rabo da bukukuwa, to me ya dame mu. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai mu tambayi dalilin da wurin iyo zai zama fayau a tsakiyar zafi ba. Mu dai mun ga babu mata mun ce alhamdulillahi.

Bayan azahar muka je. Ni rakiya kawai na yi, don ni ruwan da na sani na buta ne. Gaskiya wurin ya yi kyau, kai, ya yi kyau ƙwarai. Ƙofar shiga ta tsohon gini ce sun yi mata sabon fenti fari da kore, ɗakunan canja kaya a jere da ƙofofin katako, ga wasu manya-manyan bishiyoyi masu saiwoyi suna reto kamar gemu sun yi wa gefe ɗaya inuwa. Tayil ɗin cikin ruwan sabo ne, amma na bakin gaɓa sun bar tsohon, har ya yi santsi saboda ƙafafun mutane. A ƙarshen da ya fi zurfi akwai wani tsohon tsani na ƙarfe da ake hawa a diro, sun ɗaure shi da sarƙa sun bar shi don tarihi. A bango kuma sun jera hotuna marasa kala na mutanen da, ruwan cike maƙil da jama'a.

Wata dattijuwa ce a ƙofa. Ta kalle mu, ta kalli jakar Sabi'u, ta yi wata doguwar magana da ba mu tsinci komai a ciki ba, sannan ta ciro wani jan zare daga aljihu tana nuna a ɗaura masa a wuyan hannu. Sabi'u ya yi murmushi ya ce, "Sheshe Mama, sheshe," wato na gode, ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa, ya juyo ya ce min camfinsu ne. Ni ma da ni ne ba zan ɗaura ba. Ta mayar da zarenta aljihu.

Da muka shiga, mutum ɗaya ne a ciki, mai ceton masu nutsewa da ke zaune a kan doguwar kujera yana danna waya. Sabi'u ya sa dogon wandonsa da ya wuce gwiwa da singileti, ya yi bisimilla ya faɗa. Wayyo, ku zo ku ga murna. Ya je ya dawo, ya nutse ya ɓullo, yana ɗaga min hannu yana cewa in shigo ya koya min, ina ce masa ya gaishe da mutanen Wudil. Ni ina kan benci a inuwa riƙe da kayansa, iska na ɗan kaɗawa, har na fara gyangyaɗi.

Da ya gaji sai ya fito ya zauna a bakin gaɓa, wajen tsohon tsanin nan, ƙafafunsa a cikin ruwa. A nan ne na ga dattijon.

Ban ga shigowarsa ba, kuma ƙofa a gabana take. Kawai na ɗaga kai na gan shi a cikin ruwan, a gaban Sabi'u kaɗan. Tsoho ne ɗan Cana, siriri, furfura an yi mata aski ƙasa-ƙasa, ruwa ya kawo masa ƙirji. Ba iyo yake ba, a tsaye yake, ruwan da ke kewaye da shi ko motsi ba ya yi. Ban ji tsoro ba wallahi, abin da na ce a raina kawai shi ne ashe dai akwai mai zuwa. Sai na ga ya ɗago hannun dama a hankali ya miƙa wa Sabi'u, irin miƙawar da ba ka sani ba gaisuwa ce ko so yake a taimaka masa ya fito.

To ku gaya min, wane ɗan Hausa ne dattijo zai miƙo masa hannu ya bar shi a miƙe? Balle Sabi'u. Ina ji da kunnena ya ce, "Nihaw Baba, sannu da hutawa," ya ɗan rusuna, ya ba shi dama, ya ɗora hagu a kai kamar yadda ya saba.

Innalillahi. Jama'a ba faɗawa ya yi ba, ba a ji ko tsulum ba. Sulalewa ya yi, kamar an ja zani daga kan igiya. Ƙato guda mai ƙiba, ya shige ruwa ba ƙara. Na miƙe na zubar da kayan na ruga ina kiran sunansa ina salati, na isa gaɓar na leƙa. Ruwan nan garau yake, kana ganin layin tayil na ƙasa. Ga Sabi'u can a ƙasa a durƙushe, yadda ake durƙusa wa babba, hannayensa biyu a miƙe a haɗe, idonsa a buɗe. Shi kaɗai. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa babu kowa a gabansa.

Ihuna ne ya sa mai ceton ya jefar da waya ya dira. Ya kamo shi ta hammata ya ja, ya kasa, ya ɓullo ya shaƙi iska ya koma, ina ganin yadda yake dukan ƙasa da ƙafa kamar mai ciro turmi daga laka. Ni kuma ba abin da na iya sai Ayatul Kursiyyu, ita ma a rikice, ina farawa ina komawa farko. A karo na gaba ne suka taso tare. Muka ja shi waje, aka danna masa ƙirji ya yi ta aman ruwa, ya buɗe ido ya dube ni. Na ce, "Sabi'u, ka ganni? Ka san ni?" Hannunsa na dama ya ɗaga yana kallo, ya ce, "Bai sake ni ba."

Na tambayi mai ceton da ɗan Turancin da muke haɗawa, ina tsohon? Ya ce wane tsoho? Na nuna masa wurin. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo, meyo," wato babu, mutum ɗaya ne ya shiga ruwan nan tun da rana ta take. Sai a lokacin na lura da rubutun zurfi da ke bakin gaɓar. Wurin da na ga ruwa ya kawo wa dattijon ƙirji, ko dogon mutum ya tsaya ya ɗaga hannu sama ba za a ga yatsunsa ba. A kan me yake tsaye? Nan ne na zauna a ƙasa.

Na san wasunku na jira in ce na duba hotunan bango na gan shi a ciki. Na duba, ɗaya bayan ɗaya, ban gan shi ba, ba zan yi muku ƙarya don labari ya yi daɗi ba. Abin da na gani da za mu fita shi ne dattijuwar ƙofa ta kunna turaren tsinke ta soka a gindin bishiya, kuma da Sabi'u ya zo wucewa ta gabanta sai ta mayar da hannayenta biyu baya.

Da yamma muka je wurin Alhaji Tanko, wani dattijo mutumin zangon Kumasi da ya daɗe a garin har ya auri 'yar ƙasar, shi muke kai wa duk abin da ya shige mana duhu. Yana jin inda muka je ya ajiye cokali. Ya ce, "Kai yarana, wa ya aike ku? A wannan wata? Ko matana ba ya bari yara su je kusa da ruwa." Ya ce su a wurinsu watan nan na matattu ne, takardun da muke gani ana ƙonawa su ake ƙona wa, shi ya sa tsofaffi ke ƙaurace wa ruwa suna hana jikokinsu. Wai a cewarsu wanda ruwa ya ci ba ya samun tafiya sai ya sami wanda zai karɓe shi. Na ce, "Haba Alhaji, kai ma ka yarda da wannan? Wanda ya mutu ai ya mutu." Ya ce, "Ni ban ce na yarda ba. Amma aljani fa, bai da fasfo ne? Ku je ku yi ta addu'a."

Ni har gobe aƙidata ba ta canja ba, mamaci ba ya dawowa. Amma abin da na gani a hannun Sabi'u na gan shi. Daga ranar nan hannunsa na dama bai sake bushewa ba. Kullum a jiƙe, da sanyi, yatsun sun yi yaushi kamar na wanda ya wuni yana wanki, kuma in ka matso kana jin warin maganin nan da suke zuba wa ruwan iyo, mai kama da bilicin wanki. Ya goge da tawul, kafin ya ajiye tawul ɗin ya sake tsatsafowa. Wayarsa ta daina amsa yatsunsa, sai da hagu yake dannawa. Asibiti suka ce yawan gumi ne, suka ba shi mai da ƙwayoyi. Gumi a hannu ɗaya? An yi ruƙiyya a Guangzhou, da ya koma gida an yi a Kano, ya sha rubutu, ya shafa man habbatussauda, an yi sauka. Ciwon bayan ya warke sarai, hannu kuwa yana nan yadda yake.

Sau ɗaya ya ba ni labarin abin da ya gani a ƙasan ruwan. Ya ce tsohon ba fushi a fuskarsa, ba mugunta, kallonsa kawai yake irin kallon wanda ya daɗe a tasha yana jira sai ga mota. Ya ce, "Mutumina, har yanzu ina jin yatsunsa. In na ba wani hannun nan ban san me zan ba shi ba." Daga nan ya yanke wa kansa hukunci, bai ƙara musabaha da kowa ba.

Ku da kuka san garinmu kun san abin da wannan ke nufi. A masallaci a sallame a miƙo masa hannu ya dafa ƙirji. A ɗaurin aure, a wurin gaisuwar mutuwa, a filin idi, hannunsa na cikin aljihu. Mutane suka ce Cana ta sa masa girman kai, wasu suka ce wata sabuwar aƙida ya shiga, wasu suka ce asiri ya yi aka kafa masa sharaɗi. Surukinsa ya yi fushi ya daina amsa gaisuwarsa. Abokan ciniki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ya bar zuwa Cana, ya koma ɗan shago a unguwa. 'Ya'yansa da hagu yake shafa kansu. Wanda ya fi ci min rai, ranar da mahaifinsa ke jinyar ajali a Wudil ina ɗakin, tsohon ya lalubo ya miƙo hannu yana neman na ɗansa, Sabi'u ya tsaya, sannan ya ba shi hagu. Tsohon ya buɗe ido ya dubi hannun, ya dube shi. A daren ya cika. Sabi'u ya fita bayan gida ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Abin ya daɗe yana cina. Mutumin da duk duniya ba abin da ya iya kamar riƙe hannun mutane, ga shi ya rame ya zama kamar baƙo a garinsu. Na yi ta gaya masa waswasi ne, shaiɗan ne ke wasa da shi, ba abin da zai sami kowa sai abin da Allah ya rubuta. Sai ya ce, "Haka ne," ya ƙara tura hannun cikin aljihu.

Bara da bazara na dawo daga tafiya na biya shagonsa da hantsi. Ya aika aka kawo shayi, muna zaune a benci, yana riƙe da kofinsa da hagu, hannun daman a kan cinya a naɗe da ƙyalle. Muna cikin hira wani dattijon unguwa ya zo wucewa, ya ba ni hannu, ya dubi Sabi'u ya ɗauke kai ya wuce. Na ga yadda fuskar abokina ta yi. Wallahi zuciyata ce ta tashi, na ce yau dai sai na raba shi da wannan abin. Na yi bisimilla na fizge ƙyallen na cafke hannun, na ce, "Ga shi na riƙe! Me ya faru? Ina kwana Sabi'u, ya gida, ya yara?"

Sanyi ne ya fara ratsa ni, har gwiwar hannu, a cikin zafin nan na Kano. Warin maganin ruwan nan ya bugi hancina. Na daure ina dariya ina ci gaba da gaisuwa, sai na ji ya ɗora ɗaya hannun a bayan nawa ya rufe, irin gaisuwarsa ta da. Har na ji daɗi, na ce a raina alhamdulillahi Hannu Biyu ya dawo. Sai na ɗaga ido.

Kofin shayin na nan a hannunsa na hagu.

Shi ya fizge, ba ni ba. Kofin ya faɗi ya fashe, ya miƙe yana cewa, "Me ka yi? Me ka yi, mutumina?" Na ce ba komai, ban ji komai ba, na yi masa sallama na tafi gida.

Washegari da sassafe ya kira ni a waya yana kuka yana dariya. Ya ce hannu ya bushe. Ya ce ya tashi sallar asuba ya ga tafinsa a bushe ƙamas, har da ɗumi, ya bi sahu yana gaisawa da mutane har liman ya tambaya ko lafiya. Ya ce, "Kai fa, lafiya kake?" Na ce lafiya ƙalau, Allah ya kawo ƙarshen wahala. Har yau haka ya sani, kuma in kun san shi don Allah kada ku kai masa wannan labarin, ya sha wuyar da ta ishe shi. Da na je masa barka hannuna a naɗe yake, na ce masa ƙonewa na yi.

Ban san mene ne ba, ban kuma ce muku abu kaza ne ba, Allah shi ne masani. Shawarata dai, 'yan'uwa masu zuwa ƙasashen mutane, in kun ga wuri mai kyau masu garin sun bar muku shi ku kaɗai, ku tambayi dalili kafin ku ce alhamdulillahi. Ku riƙe azkar na safe da yamma. Kuma ku yafe min kurakuran rubutun nan, da hagu nake dannawa, waya ba ta amsa ɗaya hannun. In Allah ya haɗa mu a Xiaobei ko a kasuwa a Kano, kuka miƙo min hannu kuka ga na dafa ƙirji, don girman Allah kada ku ce girman kai ne, kuma kada ku matsa.